Yadda Ake Gane Ƙarfin Gubar Tsiro Daga Ginin Furotin Ɗinta

A bakin magudanan ruwa na Jazira, da gefen gonakin Sinnar da Mai Wurno, da bayan gidaje a Gadarif da Kasala, zurma tana fitowa da kanta ba tare da wani ya shuka ta ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna kiranta khirwa, kuma a yankin kogin Gash an taɓa noma ta da gangan domin a sayar. Iyayenmu mata suna sayen manta a wurin masu turare da magunguna, su shafa a gashi ko su sha kaɗan idan ciki ya ɗaure, amma 'ya'yan da aka tatso man daga cikinsu suna ɗauke da ɗaya daga cikin gubobi mafi ƙarfi da aka sani a cikin tsirrai. A ɗaya ɓangaren kuma, alkama da sha'ir da garafuni da soso duka suna da furotin mai irin aikin ɓarnar da gubar zurma take yi, duk da haka babu wanda ya taɓa jin an mutu saboda cin gurasa. Wanda ya san dalilin wannan bambanci zai iya duban tsiro, ya karanta abin da aka rubuta a kansa, ya yi hukunci da kansa a kan abin da ya kamata a ji tsoro da abin da bai kamata ba. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗaliban kimiyya, da masu aiki a ɗakunan shan magani, da masu kiwo, da kuma iyayen da yaransu ke wasa a ƙarƙashin waɗannan itatuwa.

Kafin komai, sai ka tabbatar cewa gubar da ake magana a kanta furotin ce. Gubar zaƙami, da ta tumfafiya, da ta ɗanyen rogo mai ɗaci, ƙananan sinadarai ne da ba su shiga wannan babi ba, kuma dokokinsu daban suke. Furotin babban abu ne, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a ɗauke shi kamar carbi mai ɗaruruwan duwatsu, kowane dutse ana kiransa amino asid, kuma iri ashirin ne ake jerawa. Carbin ba ya zama a miƙe. Yana naɗewa ya dunƙule ya ɗauki wata siffa ta musamman mai lunguna da ramuka, kuma wannan siffar ce take ba shi ikon yin aiki. Idan siffar ta warware, aikin ya tafi, ko da duwatsun suna nan cif. Kowa ya ga wannan da idonsa a ranar da ya soya ƙwai, domin farin ƙwai da ya daskare a kan wuta ba ya komawa ruwa har abada.

Da zarar ka tabbatar furotin ce, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko gubar sarƙa ɗaya ce ko sarƙa biyu, wato carbi ɗaya ne ko biyu ne aka haɗa. A nan ya kamata a daɗe, domin kusan duk sauran bayanin daga nan yake rassa.

Gubar zurma sunanta risin. Wani ɗalibin likitanci mai suna Peter Hermann Stillmark ne ya fara bayyana ta a shekarar 1888 a jami'ar garin Dorpat, wanda yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, kuma abin da ya fara lura da shi shi ne tana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne da juna. An daɗe ana zaton wannan mannewar ce take kisa. Sai a farkon shekarun 1970 Sjur Olsnes da Alexander Pihl suka nuna a birnin Oslo cewa risin sarƙa biyu ce masu aiki daban-daban. Sarƙar A tana da amino asid 267, sarƙar B tana da 262, kuma abin da ya haɗa su shi ne ƙulli guda ɗaya tak na farar wuta, tsakanin dutse na 259 a sarƙar A da dutse na 4 a sarƙar B. Sarƙar A ita ce mai wuƙa. Sarƙar B ba ta yanka komai, amma ita ta san hanya, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa da ɗan gari akan ci gari.

Wurin da wuƙar take sara yana cikin ƙwayar halitta, wato ƙaramin ɗakin nan da idon mutum ba ya gani wanda daga irinsa aka gina dukkan jiki. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai miliyoyin masaƙu da ake kira ribosom, waɗanda aikinsu shi ne saƙa sabon furotin dare da rana. A shekarar 1987 wani masani ɗan Japan mai suna Yaeta Endo ya gano ainihin abin da sarƙar A take yi wa masaƙar, kuma abin ya zo da mamaki saboda ƙanƙantarsa: tana cire harafi guda ɗaya kawai cikin jerin sinadaran da aka gina masaƙar da su, wato wani mai suna adenin, na 4324 a ribosom ɗin ɓera, daga wani ɗan lanƙwashe da masaƙar take dogara da shi wajen matsawa gaba. Ba ta fasa masaƙar, ba ta tsinka zaren, sai dai daga wannan lokacin ƙoshiya ba ta ƙara wucewa. Da yake sarƙar A enzayim ce, wato furotin mai maimaita aiki ɗaya sau da yawa, aikin ba ya cinye ta. Tana gamawa da wannan masaƙa ta wuce ta gaba, kuma an auna cewa guda ɗaya tana iya tsayar da ribosom kusan 1,500 a cikin minti ɗaya. Wannan ne ya sa masana suke cewa sarƙar A guda ɗaya da ta isa cikin ƙwayar halitta ta isa ta kashe ta. A wannan shekarar ta 1987 ce kuma ƙungiyar Jon Robertus a jihar Texas ta Amurka ta fitar da hoton siffar risin, daga baya kuma aka tabbatar da ramin da adenin yake faɗawa, da duwatsun da suke riƙe shi daga sama da ƙasa, wato tairosin na 80 da na 123, da kuma waɗanda suke yin yankan, wato gulutamat na 177 da arjinin na 180. Idan aka sauya ɗaya daga cikin waɗannan a ɗakin gwaji, ƙarfin wuƙar yana faɗuwa warwas, kuma ta wannan hanyar ce ake gwada samar da allurar rigakafi.

Yanzu sai a dawo kan alkama da garafuni. Furotin ɗin da ke cikinsu, da saforin na wani tsiron Turai, da kursin na bini-da-zugu, da lufin na 'ya'yan soso, duka sarƙar A ce zalla, ba ta da abokiyar tafiya. Masana suna kiransu rukuni na ɗaya, suna kiran masu sarƙa biyu rukuni na biyu. Idan aka zuba ɗan rukuni na ɗaya a kan ribosom tsirara a cikin kwalbar gwaji, ɓarnarsa ba ta gaza ta sarƙar A ta risin ba. Idan kuwa aka zuba shi a kan ƙwayar halitta mai rai da bangonta, sai ya tsaya a waje, ɗan abin da zai shiga bisa tsautsayi ne kawai, kuma ƙarfinsa yakan yi ƙasa da na risin sau dubbai. Saboda haka duk lokacin da ka karanta cewa an sami furotin mai tsayar da ribosom a wani tsiro, kada ka firgita tukuna. Ka nemi sanin ko yana da sarƙar B, sannan ka duba ko an auna ƙarfin nasa a kan ribosom tsirara ne ko a kan ƙwayar halitta cikakkiya. Ɗalibai da yawa suna gauraya waɗannan ma'aunai guda biyu, su kwatanta lambar wannan da ta wancan, su fito da sakamakon da ba shi da kai balle ƙafa.

Samun sarƙar B kuma ba shi ne ƙarshen magana ba, dole a duba ingancin riƙonta. Sarƙar B irin furotin ce da ake kira lektin, wato mai kama sukari. Bangon kusan kowace ƙwayar halitta ta mutum da dabba yana lulluɓe da rassan sukari, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙarewa da wani nau'i mai suna galaktos. Sarƙar B ta risin tana da aljihu biyu, ɗaya a kowane gefenta, waɗanda aka yanka daidai da siffar galaktos, shi ya sa take iya manne wa miliyoyin wurare a jikin ƙwayar halitta guda. A farkon shekarun 1990 masu bincike a ƙasar Sifen sun fito da wasu furotin daga wasu tsirran Turai, suka sa musu suna ebulin da nigirin. Suna da sarƙa biyu kamar risin, sarƙarsu ta A tana da kaifi kamar tata, amma a kan ƙwayar halitta mai rai raunin su ya ninka sau dubbai. Da aka duba siffar ebulin sai aka ga wani ɗan sauyi a ɗaya daga cikin aljihunan nan biyu, wanda ya sa riƙonta ya yi sako-sako, kuma yawancin abin da ya shiga yakan ɓace a hanya ko a narkar da shi. Ko a cikin ƙwayar zurmar kanta akwai wata 'yar'uwar risin mai sarƙa huɗu, biyu A biyu B, wadda ta fi risin iya haɗa ƙwayoyin jini nesa ba kusa ba, amma ta fi ta rauni wajen kisa. Mai yiwuwa yawancin mannewar da Stillmark ya gani aikin wannan 'yar'uwar ne. Abin lura a nan shi ne girman furotin ko yawan sarƙoƙinsa ba ya nuna ƙarfin gubarsa.

A nan zan ɗan ratse domin wata al'ada tamu. Sukarin da ke cikin madara yana da galaktos a jikinsa, kuma gaskiya ne cewa a kwalbar gwaji yana iya cika aljihunan sarƙar B ya rage mannewarta. Wasu da suka ji wannan sun ɗauka hujja ce ga abin da aka saba yi na ɗura wa wanda ya ci guba nono. Ba hujja ba ce. Cikin mutum ba kwalbar gwaji ba ne, kuma ba a tabbatar da cewa madara tana ceton wanda ya tauna zurma ba. Abin da ta fi yi shi ne kwantar da hankalin mutanen gida har lokacin tafiya asibiti ya wuce.

Bayan mannewa sai tafiya, kuma tafiyar ce take bayyana dalilin jinkirin alamun ciwo. Ƙwayar halitta takan haɗiye abin da ya manne a bangonta ta sa shi cikin 'yar jaka. Yawancin risin da aka haɗiye haka akan mayar da shi waje ko a tura shi inda ake narkar da shara. Ɗan kaɗan ne yake bin hanyar da sabon furotin yake fitowa, amma ta baya, ya ratsa ta rumbun da ake kira Golgi har ya isa ɗakin da ake naɗe sabon furotin. A can ne wani enzayim na ƙwayar halittar da kanta yake kwance ƙullin farar wutar nan, sarƙar A ta rabu da B. Kafin wannan rabuwar sarƙar B tana tare bakin ramin yankan, wato wuƙar tana cikin kube. Daga nan sarƙar A sai ta ɗan warware jikinta ta yi kama da furotin da aka saƙa ba daidai ba, ƙwayar halitta kuma ta jefa ta waje zuwa tsakar gidanta domin a lalata ta. Alamar da ake liƙa wa abin da za a lalata tana kama wani amino asid ne mai suna laisin, ita kuwa sarƙar A ta risin laisin biyu kawai gare ta a cikin 267, don haka wani ɓangare nata yakan tsira, ya sake naɗewa, ya tarar da masaƙu a gabansa. Da masu bincike suka ƙara mata laisin da gangan, sai ƙarfinta ya ragu. A ganina wannan shi ne wuri mafi ban mamaki a duk labarin, domin abin da gubar ta rasa a jikinta yana taimakonta kamar abin da take da shi.

Mai hankali zai tambaya yadda zurma ba ta kashe kanta. Amsar ita ma tana cikin ginin. Tsiron yana saƙa risin a matsayin doguwar sarƙa guda ɗaya, da wani ɗan tsinke mai amino asid 12 tsakanin A da B, kuma muddin tsinken yana nan wuƙar ba ta aiki. Sai an kai ta cikin rumbun ajiya na irin, nesa da masaƙu, sannan a cire tsinken.

Idan ka riƙe waɗannan tambayoyin, wato yawan sarƙa, da ingancin riƙo, da hanyar shiga, za ka iya jera tsirran da muke rayuwa da su bisa haɗarinsu. Idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu baƙin ɗigo da ake kira ainud-dik da Larabci, yana ɗauke da abrin, wadda gininta ya yi kama da na risin sosai, kuma a gwajin dabbobi ta fi ta ƙarfi. Tun a shekarar 1891 Paul Ehrlich ya nuna a Jamus cewa ɓeran da aka saba wa jikinsa da risin kaɗan-kaɗan yana jure risin amma abrin tana kashe shi, wanda ya nuna cewa jiki yana gane guba ta siffar bayanta ne, ko da aikin cikinsu ɗaya ne. Akwai kuma modesin da bolkensin daga wasu tsirrai masu kauri a gindi na kudanci da gabashin Afirka, su ma 'yan rukuni na biyu ne masu tsanani.

Bini-da-zugu yana buƙatar a yi hattara da shi ta wata fuska, domin a nan ne dokar da na kawo za ta iya yaudarar mai gaggawa. Kursin ɗinsa sarƙa ɗaya ce, mai rauni a kan ƙwayar halitta, sai mutum ya ce to babu komai. Amma yaran da suka ci 'ya'yansa, waɗanda suke da ɗanɗano kusa da na gyaɗa, suna kamuwa da amai da gudawa mai tsanani, kuma likitocin dabbobi na Jami'ar Kartum sun nuna tun a shekarun 1970 cewa yana kashe awaki. Babban mai laifin wasu sinadarai ne da ke cikin mansa waɗanda ba furotin ba ne, kuma gashi ko dafuwa ta gida ba ta kawar da su. Don haka bayan ka gama da furotin, ka sake tambaya ko tsiron yana da wata gubar ta daban a gefe.

Fasuliya kuwa misali ce ta ɗaya gefen, wato sarƙar kamu ba tare da wuƙa ba. Lektin ɗinta tana da sassa huɗu masu kama sukari, ba ta taɓa ribosom, amma tana manne wa bangon hanji ta tayar da shi. Jan wake irin na fasuliya ya fi farin yawan wannan lektin, kuma 'ya'ya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su kawo amai a cikin awa ɗaya zuwa uku, ko da yake yawanci mutum yakan warware a cikin yini. Gyaran yana hannun mai girki: a jiƙa waken aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo, a bar shi ya tafasa sosai yana ɓulɓula na aƙalla minti goma, kuma rabin awa ya fi kwanciyar hankali, sannan a rage wuta ya ƙarasa nuna. Ruwan da ya yi zafi bai tafasa ba bai isa ya warware siffar lektin ba. Wannan ya shafi masu barin tukunya a kan garwashin da ya fara mutuwa domin tsimin gawayi, da masu tuwon sayarwa da suke ɗora wake da dare su kwanta. Tukunyar ta fara tafasa tukuna, sannan a yi tsimin.

Wannan dokar zafi ce take bayyana lafiyar man zurma. Risin tana narkewa a ruwa, ba ta shiga mai, don haka idan aka matse 'ya'yan tana zama a cikin tunkuzar, kuma zafin da ake ba man a masana'anta yana warware ɗan abin da ya biyo shi. A kudancin Najeriya ma akwai masu yin wani abin ɗanɗano irin daddawa da 'ya'yan zurma, bayan sun dafa su na tsawon awoyi sun bar su sun ruɓa kwanaki. Wannan sana'a ce ta waɗanda suka gada, ban kawo ta domin wani ya gwada ba. Man da aka tatsa a gida, wanda yake da gurɓi da ɓarɓashin iri a ƙasansa, a tsaya da shi a shafawa a waje, kuma kada a kai shi kan rauni ko ido. Mace mai ciki kada ta sha man zurma ko da na kanti ne sai da izinin likita ko ungozoma ta asibiti, domin yana iya tayar da naƙuda.

Ga masu kiwo, maganar tana kan ambaz, wato tunkuzar da ake saya a kasuwa domin dabbobi. Ambaz na gyaɗa da na riɗi abinci ne mai kyau. Ambaz na zurma guba ne, domin duk risin ɗin da bai shiga mai ba yana cikinsa. Ana iya kashe gubarsa a masana'anta da tururi mai matsi, amma shanya a rana ko ɗan turara shi a gida ba ya wadatarwa, kuma akwai wasu ƙananan furotin a cikinsa masu jure zafi da suke tayar da asma da ƙaiƙayi ga masu shaƙar ƙurarsa. Idan za a yi taki da shi, a binne shi cikin ƙasa, a hana dabbobi da karnuka shiga wurin. Doki ne ya fi saurin kamuwa a cikin dabbobin gida, kaji sun fi juriya, shanu da tumaki suna tsakani. Wanda yake yanko ciyawa a bakin magudanar ruwa ya duba kada ƙosassun 'ya'yan zurma su biyo dami, kuma mai sayen dawa ko riɗi daga gonar da zurma ta yi yawa a gefenta ya tankaɗe ya tsince kafin ya kai niƙa.

Ɓawon iri shi ma wani sashe ne na lissafin. Ƙosasshen idon zakara yana da ɓawo mai tauri ƙwarai, na zurma ma yana da nasa, kuma irin da aka haɗiye bai fashe ba sau da yawa yakan fita yadda ya shiga. Haɗarin yana zuwa ne idan an tauna, ko an daka, ko an huda domin a yi abin wuya ko carbi, ko kuma irin ɗanye ne mai laushin ɓawo. Saboda haka abin wuyan idon zakara ba abin da za a rataya wa jariri ba ne, domin jariri komai baki yake kai wa. Ana kuma jin wasu mata suna haɗiyar 'ya'yan zurma da nufin tazarar haihuwa, wasu har suna ɓare ɓawon tukuna. Yawan risin yana bambanta daga wannan iri zuwa wancan, babu mai iya auna shi da ido, kuma ɓare ɓawon yana cire kariya guda ɗaya da ke tsakanin gubar da hanji. Hanyoyin tazara da ake bayarwa a asibiti sun fi wannan caca aminci.

Idan abin ya riga ya faru, abin da aka sani game da ginin gubar shi ne zai nuna abin yi. Gubar tana buƙatar awoyi kafin ta gama tafiyarta zuwa masaƙu, sannan ƙwayar halitta tana ci gaba da rayuwa da tsohon furotin ɗin da ta tara kafin ta faɗi. Shi ya sa yaron da ya tauna zurma zai iya ci gaba da wasa na wasu awoyi lafiya lau, na idon zakara kuwa wani lokaci har kwana ɗaya zuwa uku. Lafiyar da ake gani a wannan tsakanin ba shaida ba ce, a kama hanyar asibiti tun a lokacin. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure bakin da ruwa, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro ko a ba shi ruwan gishiri mai yawa domin ya yi amai, kada kuma a ba shi man zurma ko wani maganin wankin ciki, domin ruwan jikinsa ne abin da za a yi ta fama a riƙe. Gawayin da likita yake bayarwa domin ya tsotse guba an sarrafa shi ne ta hanya ta musamman, gawayin murhu ba ya maye gurbinsa. Alamun farko sukan fito daga hanji, domin bangonsa ne gubar ta fara taɓawa: ciwon ciki, amai, da gudawa wadda wani lokaci take zuwa da jini, daga baya hanta da ƙoda su iya shiga ciki. Har yanzu babu maganin da yake karya risin ko abrin kai tsaye da aka amince da shi. Abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da gyara gishirin jini, da lura da fitsari da aikin hanta, kuma mafi yawan waɗanda suka tauna zurma aka kai su da wuri suna tashi.

A garuruwan da asibiti ya yi nisa ko hanya ta yi wuya, a fara ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari na fakiti, kurɓi-kurɓi, muddin yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ana cikin tafiya ana ba shi. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a sani: amai da gudawa mai tsanani a lokacin damina kowa kwalara zai fara zato, har da ma'aikacin lafiya da layi ya yi masa yawa. Wanda ya raka mara lafiya ya tafi da sauran 'ya'yan tsiron ko reshensa da ganye a cikin leda, ya faɗi lokacin da aka ci, da adadin da ake zato, da ko an tauna ko an haɗiye, sannan ya ambaci duk yaran da suka yi wasa tare a wurin, domin a duba su ko da ba su fara nuna komai ba.